Gwangwanin Tumatir Mai Huda Ɗaya

Labo ɗinmu ba gas tun bara,
famfon ma ya manta da mu, kamar sauran famfunan Zinder.
Sai na zo da murhun shayi daga gida,
da gwangwanin tumatir, na huda murfinsa da ƙusa,
da audugar da na zaro daga matashin kan Baba Kalla,
wanda ba mai kwana a kansa yanzu.

Giram goma. Mutari, rubuta a allo.

Auduga sarƙa ce, yara.
Sukari ne ya kama hannun sukari,
dubu bayan dubu,
shi ya sa harshe ba ya jin zaƙinta:
kowa na riƙe da wani, ba wanda ya sami sukunin narkewa.
Haka karan hatsi, haka kirya, haka takardar da kuke rubutu a kai.

Na rufe. Na aza bisa garwashi.

Ruwa ne ya fara ficewa,
farin tururi siriri,
baƙon da ya gane rigimar gidan ba tasa ba ce.
Sannan shiru.
Barira ta ce, Madam, ya mutu.
Na ce jira, zafi na hawan tsani,
can wajen ɗari uku ne hannu ke sakin hannu.

A nan hanya ke rabuwa.
In zafi ya zo a guje, sarƙa ta tsinke zobe-zobe,
kowane zobe ya ciji wutsiyarsa ya tashi sama,
hayaƙi mai danƙo, mai warin alewar da ta kama tukunya.
Lebogulukozan, in ji littafi. Kada ku yi dariya, zai fito a jarrabawa.
In kuwa ya zo da rarrafe,
sai ta yi ta matse ruwan jikinta,
abin da ya saura ya rungumi juna ya yi baƙi.
Ɗan gishirin toka ma yana da baki a shari'ar,
kullum bayan gawayi yake goyo.

Na ƙyasta ashana a bakin hudar.
Harshen wuta ya tsaya bisa murfi, yana lasar hayaƙi,
bai ko ga audugar ba.
Aji ya ce, kai!

Baba bai san ɗari uku ba.
A dajin kudu da Dogo yake jera itace,
ya lulluɓe da ciyawa, ya bi da ƙasa,
ya kwana uku zaune, kunne ɗaya wajen tudun,
ɗaya wajen babur ɗin 'yan gandun daji.
Tafin hannu ne ma'auninsa.
Farin hayaƙi, bar shi.
Rawaya, kada ka yi gyangyaɗi.
Shuɗi, toshe ko'ina.
Yakan ce, wutar da aka hana wa iska ba ci take ba, rina take.
Buhu-buhu amalanke ta kai kasuwar Dole,
buhu-buhu na haye lakwal.
Abin nan mai dogon suna kuwa
da ya tashi bai tafi sama duka ba,
wani ya sami masauki a ƙirjinsa,
mun ji shi shekara tara, kowace asuba, kafin ladan.

Da gwangwani ya huce na buɗe.
Tana nan yadda na sa ta, kowane zare a gurbinsa,
har lotsawar da yatsana ya yi,
sai dai baƙa ƙirin, ba nauyi, numfashi ma na iya kwashe ta.

Giram biyu.
Barira ta ɗaga hannu. To ina takwas ɗin?
Na nuna taga, na nuna duwatsun Birni da ke can suna shan rana,
na buɗe baki in ce ba abin da ke ɓata,
sai aka buga ƙararrawa.

Suka watse da hayaniyarsu.
Na naɗe giram biyun a takarda, na sa a jaka.
Yatsuna na warin rigarsa.
Na tsaya gaban famfo, na murɗa,
na gode da bai kawo ba.